Ruwa Ya Iso, Ba Na Bakin Gona

A shekarun da zan ba da labarinsu, Edita, ni malamin sakandare ne a wata makarantar gwamnati da ke tsakanin Kura da Bunkure, ina koyar da Hausa da tarihi, kuma ina cikin dattawan 'yar majami'ar ƙauyenmu. Mu Hausawa ne Kiristoci, jikokin Maguzawa, irin mutanen da in muka sauka baƙunta a birni sai a miƙo mana buta da dadduma, in kuwa muka je taron ikkilisiya a kudu sai a tambaye mu inda muka koyi Hausa haka. Ba zan kama sunan kowa ba, har nawa. Abin da aka fi sanina da shi a lokacin ba alli ba ne, addu'a ce. Allah ya hore mini baki, ni kuma na ƙara masa da karatu. In ana ɗaurin aure, ko jana'iza, ko godiyar kaka, da zarar fasto ya ce Malam ya rufe mana da addu'a, sai ka ga mata suna gyara goyo, tsofaffi suna neman bangon jingina, domin kowa ya san tafiyar mai nisa ce. Ina farawa daga halittar duniya, in bi ta kan annabawa ɗaya bayan ɗaya, kafin in iso kan amarya da ango tuwo ya daɗe da hucewa. Mutane suna yabawa, ni kuma na ɗauki yabon nan shaida ce cewa a sama ma haka ake ji.

Matata ita ce manomiyar gidan. A wajenmu mace da gonarta ba abin mamaki ba ne, tata kuwa ta gado ce, 'yar ƙarama a cikin filin noman rani. Wanda bai san yankinmu ba sai in ɗan yi masa bayani, halin malami ba ya barinsa. Ruwa na tasowa daga madatsar Tiga a babban kanal, ya rarrabu, har ya iso 'yar magudanar da ke bi ta bakin gonakinmu. Kowane layi da ranarsa. Ranar da aka buɗe muku, ruwa zai fara da gonar da ke sama, ya gangaro gona-gona, kowa na tsaye da fartanyarsa yana karkata shi cikin fangalinsa. Wanda ruwa ya iso ba ya nan, ya wuce shi ke nan, sai wani zagayen, ba mai ɗaure masa shi a turke. Gonar matata ita ce ta ƙarshe a layinmu, can wutsiya, inda ruwa ke isowa a gajiye kamar ɗan aiken da ya tsaya wasa a hanya.

Addu'arta ma haka take tafiya. Kullum da asuba, in ta ɗora ruwan kunu, sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki ta kira ni mu zauna. Ita ke yi, domin tun farkon aurenmu ta ce ta waje tawa ce, ta gida tata, in ba haka ba yara ba za su taɓa isa makaranta a kan lokaci ba. Sai ta fara daga mutumin da ke buɗe ƙofar ruwa, ta roƙa masa sauƙin ciwon gwiwa. Ta gangaro kan mai gonar farko, ta gaya wa Ubangiji ganyen albasarsa ya fara ƙuna. Ta zo kan matar da ke bi masa, wadda miji ya mutu ya bar wa marayu. Haka za ta bi su gona-gona, yawancinsu Musulmi, ba su ma san ana ambatonsu ba. Tana magana da Allah kamar mai ba maƙwabciya labari ta kan katanga. Mu ne na ƙarshe, kamar yadda muke a magudana, kuma kafin ta iso kanmu ruwan kunu ya tafasa, sai ta dunƙule mu a jimla biyu ta ce amin. Nakan tsokane ta in ce ba addu'a take yi ba, labaran safe take karanta wa wanda ya riga ya san komai. Ita kuma ta ce ai gara ita, ni lacca nake yi masa, tana nan tana jiran ranar da za a aiko daga sama a ce Malam ya maimaita, ba a gane ba. Da na tambaye ta me ya sa kullum mu ne a baya, sai ta ce ita ba ta taɓa ganin ruwan da ya tsallake gonakin mutane ya faɗo tata ba. In na sama sun sha, ita ma za ta sha.

Akwai mutum ɗaya da tsayawarta a kansa ke ci mini rai, wato maƙwabcinmu na sama, wanda gonarsa ke gab da tata. Zan kira shi Alhaji, tunda Alhazai sun yi yawa a ƙasar Kura, ba mai ganewa. Babban manomin tumatir ne, mafaɗaci, kuma yana da wata ɗabi'a: in ruwa ya yi ƙaranci sai ya jefa buhun yashi a magudana, ya tare shi har fangalinsa na ƙarshe ya ƙoshi, mu kuwa mu samu abin da ya rage, wani lokaci laka zalla. Mun sha cacar baki a bakin gona. Yana ce mini Malam mai alli, wai in koma aji in bar wa masu kanta a hannu maganar ruwa. Ni kuma ina kiransa sarkin buhu, ina kawo masa tarihin sarakunan da zalunci ya ci, yana saurare yana goge baki da asuwaki. Amma uwargidansa, Hajiya, ƙawar matata ce ta ƙut-da-ƙut. Naman layya na shigowa gidanmu, shinkafar Kirsimeti na shiga nasu, faɗan maza bai taɓa hana kwano tsallaka hanya ba. Kuma kowace asuba matata ta fi daɗewa a kan Alhaji, ta roƙa masa sauƙin hawan jini, ta roƙa wa tumatirinsa kasuwa. Nakan ce amin ɗin a ciki-ciki, kamar wanda aka ɗura wa maɗaci.

Ciwon ya fara ne wani rani, lokacin da ake shirin dashen tumatir. Da farko kasala ce da rashin cin abinci, muka ce zazzaɓi ne, tunda a bakin kanal sauro ɗan gida ne. Sai idanunta suka koma ruwan ɗorawa, ciki ya fara kumbura. Muka yi ta zarya asibiti a Kano har ranar da likita ya zaunar da mu. Mutumin kirki ne, ya juya harshe zuwa Turanci yana kallona, don ya rage mata nauyin abin. Hanta ce, ta riga ta lalace, abin da ya rage sai maganin rage zafi da kulawa a gida. Da muka fito ina ta ƙoƙarin fassara mata ƙarya, sai ta ce in huta, ba ta jin Turanci amma tana jin fuska, kuma tambayarta ɗaya ce, ko za ta ga nunar tumatirin bana. Na ce za ta ga na bana har da na baɗi. 'Yarmu ta fari ta baro gidan mijinta ta dawo jinya.

Abin da na kasa ɗauka shi ne, washegari da asuba ta sa aka fito mata da tabarma, ta jingina da bango, ta fara daga gwiwar mai buɗe ruwa kamar ba abin da ya faru. Haka gobe, haka jibi. Murya na raguwa, numfashi na yankewa, amma ba ta tsallake gona ko ɗaya ba, in kuma ta iso kanta sai ta ce Ubangiji ya ga halin da take ciki, ya yi abin da ya fi, shi ke nan. Wata safiya tana cikin roƙa wa tumatirin Alhaji tsari daga tsutsa, sai na fashe. Na ce ba zan ƙara cewa amin ba a addu'ar da ake sa tumatirin azzalumi gaba da ran matata. Na ce wannan ba bangaskiya ba ce, sallamawa ce, mai gobara a ɗaki ba ya tsayawa gaishe-gaishe. Na faɗi abubuwa da dama, da kyakkyawar Hausa, wadda har yau in na tuna ta sai in ji kunyar iyawata. Ta bari na gama, sannan ta ce in zauna mana. Ta ce ita ba ta san wani Allah na daban da ake kira ranar tashin hankali ba, wanda ta saba da shi ke nan, ba ta ga dalilin da za ta sake masa murya yanzu kamar baƙo ba. Abu ɗaya take roƙona: in riƙa zama kusa da ita kowace safiya, in numfashi ya yanke mata, ko ta manta wanda ke bin wani, in tuna mata. Ƙaramin aiki ne, ko ɗan aji ɗaya zai iya. Ni kuwa don ƙanƙantarsa na raina shi.

A lokacin ne wani abokin aikina ya ba ni labarin wani dutse a ƙasar Filato, inda masu bi ke hawa su yi kwanaki suna azumi da addu'a. Zuciyata ta kama abin nan da nan. Ga aikin da ya yi daidai da girman matsalar, kuma, in faɗi gaskiya, daidai da girman da nake ba kaina. Na je na gaya wa fastonmu, tsohon da ya ɗaura mana aure, wanda wa'azinsa bai taɓa kai tsawon addu'ata ba. Bai hana ni ba. Ya dai ce Allahn da ke kan dutse shi ne a ƙofar ɗaki, kuma mara lafiya ba annabi ta nema ba, mijinta ta nema. Na buɗe masa ayoyi, na kawo masa waɗanda suka hau duwatsu aka amsa musu, da waɗanda suka nace har aka buɗe musu ƙofa, har tsohon ya haƙura ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na ci gardamar. A rayuwata ba abin da ya cuce ni kamar cin gardama.

Ranar da zan tafi na tsaya aka yi addu'ar safe, amma a tsaye, jaka a kafaɗa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma roƙe ni in fasa ba. Ta san wanda ta aura. Ta dai kama bakin rigata ta ce in na isa in gaishe mata da Ubangiji, ko da yake yanzun nan suka gama magana, bai ce mata ya tashi daga unguwar ba. 'Yarmu ta yi dariya da hawaye a ido. Ta ce kuma in ɗauki rigar sanyi, can ba irin garinmu ba ne. Na ce to, na fita, na bar rigar a rataye a bayan ƙofa.

Ba zan ɗora wa mutanen dutsen nan laifi ba. Na tarar da bayin Allah masu nauyin zuciya, kowa da abin da ya hawo da shi, ba kuma wanda ya nemi komai a hannuna. Ƙa'idarsu ita ce duk wanda ya hau ya kashe wayarsa, don kada duniya ta biyo shi, na kuwa kashe tawa da hannuna. Ba a jima ba suka gane irin bakin da nake da shi. Aka fara cewa malamin nan na Kano ya ja mu, aka miƙo mini lasifika. Edita, ga abin da ya fi mini wuyar rubutawa: na ji daɗi. Ga yunwa, ga sanyin da ke ratsa ƙashi, ga matata kwance a gida, amma in na ɗaga murya na ji taro ya amsa amin, sai wani abu a cikina ya miƙe ya gyara hula. Na ce da kaina kokawa nake yi saboda ita. Yanzu na san gudu na yi. Na kasa zama in ga tana ƙarewa a hankali a kan tabarma, sai na nemo wa tsorona suna mai tsarki.

Wata rana da hantsi ina tsakiyar jan addu'a, na ɗan buɗe ido, sai na hango wani mutum a gefen taron, cikin babbar riga da hula, takalma a hannu, yana haki. Ko cikin dubu zan gane tsayuwar nan, na sha ganinta a kan magudana. Alhaji ne. Daga baya na ji yadda ya zo. Jikin matata ya rikice, 'yarmu ta yi ta kiran wayata a kashe, ba wanda ya san wurin sai kwatance. Alhaji ya bar masu tsinkar tumatir a gonarsa, ya shiga gaban wata motar kayan gwari mai dakon tumatir, ya sauka ya hau acaɓa, yana tambaya ƙauye-ƙauye ina dutsen da Kiristoci ke hawa, ya kuma hau shi da shekarunsa da hawan jininsa. Da na gan shi na san abin da ya kawo shi. Mai hankali zai ajiye lasifika ya ruga. Ni kuwa sai na rufe ido na ci gaba. Na ƙara wata aya, na ƙara wani annabi, na sake zagayowa, domin a raina muddin ban ce amin ba, ba a faɗa mini komai ba tukuna. Shi kuma ya tsaya yana jira, saboda a tarbiyyarsa ba a katse mutumin da ke magana da Ubangijinsa.

Da na sauke ya matso, bai ce mini mai alli ba. Da sunan Malam ya kira ni, ya ce in zo mu tafi gida, maiɗakina na tambayata. Na tambaye shi ko tana da rai, ya ce da rai ya baro ta, sauran sani na wurin Allah. Muka gangaro, muka yi ta sauya mota, shi ke tsawata wa direbobi, shi ke saya mini ruwa yana cewa in karya azumin nan haka, kada in faɗi masa a hanya ya rasa yadda zai yi da malami guda. Na kunna waya, 'yarmu ta ce Mama na numfashi amma ba ta magana, ta kara mata wayar a kunne. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, na buɗe baki ban sami komai ba sai ina zuwa, ina zuwa. Mun ratsa dajin Falgore, mun wuce Tudun Wada, mun iso Kwanar Ɗangora da la'asar sakaliya, har na fara hango koren gonakin da na sani, sai wayar ta sake ƙara. Na miƙa wayar ban ɗauka ba. Alhaji ya karɓa, ya saurara, ya ja innalillahi a hankali, sannan ya ɗora tafinsa a gwiwata, bai ɗauke ba har muka isa. Ya ce bai san yadda muke faɗa a wajenmu ba, amma shi dai ya shaida mutuniyar kirki ce, Allah ya ba ni haƙuri. Ko tazarar da ta rage tsakaninmu da gida ta kai tsawon abin da na ƙara a addu'ata a kan dutse, ban taɓa zama na auna ba, ina kuma roƙon kada wani gwanin lissafi ya taimaka mini.

A bakin kabari fasto ya dube ni ko zan ce wani abu, na girgiza kai. Daga ranar bakin nan ya kulle. Na daina jan addu'a a majami'a, na daina a gida, ko a kan abinci sai in sunkuyar da kai in yi shiru in ɗago. Da farko da Allah nake fushi: na yi azumi, na hau dutse, na kawo masa hujjojin da ba malamin da zai ture, ya kuma yi abin da ya so. Daga baya fushin ya gane gidansu ya dawo kaina. Rigar sanyin na nan a bayan ƙofa, na kasa sa ta, na kasa cire ta. Tumatirinta kuwa ya nuna jawur bayan ta tafi, ya yi 'ya'yan da gonar ba ta taɓa yi ba. Ban je na gani ba, 'yarmu ce ta faɗa mini, ita ce kuma ta gaya mini dalili. Tun ranar da muka dawo daga asibiti ba a sake ganin buhun yashi a magudanarmu ba, kuma duk ranar ruwa Alhaji na barinsa ya wuce shi, ya shayar da gonarta da fartanyarsa, sannan ya koma tasa.

Da aka kwana biyu Hajiya ta sake zuwa gaisuwa, ta zauna daga bakin ƙofa, ta ba ni labarin safiyar ƙarshe, wadda ni nake kan dutse ina shirin karɓar lasifika. Ta ce tun asuba ƙawarta ta sa aka jingina ta, ta fara abin da ta saba, amma hankali ya fara gushewa, ba ta yi nisa ba sai ta ɓata. 'Yarmu daga makarantar kwana sai gidan miji, ba ta san jerin gonakin ba. Sai Hajiya ta ce ita ba ta san addu'armu ba, amma ta san layin ruwa. Ta matsa kusa da ita tana tuna mata, bayan wane sai wance, bayan wance sai wane, matata na kama sunan tana ɗora kalma ɗaya ko biyu a kai. A ranar Hajiya ta fara sanin cewa shekara da shekaru ana ambaton mijinta a gidan nan kowace safiya. Da suka iso wutsiya, in ji ta, ƙawarta ba ta roƙa wa kanta komai ba. Cewa ta yi Ubangiji ya duba Malam, ya tafi bai ɗauki rigar sanyi ba, ya dawo da shi gida lafiya. Sai ta ce amin, ba a kuma ƙara jin wata kalma sosai daga bakinta ba. Aikin da aka roƙe ni, maƙwabciya ce ta yi shi, ba tare da ta matsa daga addininta ko taƙi ɗaya ba.

Rani ya zagayo. Na yi niyyar rabuwa da gonar, don ba na son ganinta. Wata safiya sai ga sallama a ƙofar gida, Alhaji ne da fartanya biyu. Ya ce yau ranar layinmu ce, ruwa ya taso, shi kuma ya tsufa da yi wa masu alli ban ruwa. Na ce ai ba abin da aka shuka. Ya ce ya sa an dasa albasa, in ba na so in je in tumɓuke da hannuna. Na bi shi. Na tsaya a wutsiyar magudana, inda ƙafarta ta saba tsayawa, ina hangen ruwa yana gangarowa, ya shiga gonar farko, ya wuce ta biyu. Ban shirya komai ba. Sai kawai na ji bakina na motsi, ina cewa Ubangiji ga mai buɗe ruwa da gwiwarsa, ga wane da albasarsa, ga wance da marayunta. Ashe duk shekarun da nake zaune kusa da ita ina gunaguni, jerin ya shiga kaina ban sani ba. Da na iso kan Alhaji, wanda ke can yana faɗa da na sama da shi a kan ruwa, na daɗe, na kuma ce amin ɗin a fili. Da na iso kaina ko jimla ban samu ba. Na ce ga ni, shi ke nan. Ruwan ya iso ya taɓa mini yatsun ƙafa, na sa fartanya na buɗe masa.

Ban rubuto don in ce kada a hau dutse ba, ko kada a yi azumi, ko kada a roƙi warkarwa da kuka. A roƙa. Ban kuma ce da na zauna da ta rayu ba. Kwananta ya ƙare, wannan ba a hannuna yake ba. Safiyoyin nan na rasa, waɗanda aka ba ni kyauta na ce sun yi mini ƙanƙanta. Na yi shekaru ina zaton dogara ga Allah ita ce ka matsa masa har ya yi abin da kake so. Matar da nake yi wa dariya ta san cewa zuwa ake yi kullum, da muryar da aka saba, ka ajiye masa mutane ɗaya bayan ɗaya, ka sa kanka a baya ba ka tsoron za a manta da kai. Wanda ya saba da wannan hanya a ranakun lafiya, ranar tsanani ba sai ya nemi sabuwa ba.

Don haka ina jan kunnen 'yan'uwana, musamman irina masu baki, waɗanda ake miƙa wa lasifika. In naka na kwance ya ce zauna kusa da ni, ka zauna, kada ka tafi neman abin da ya fi wannan girma. In kuma kana da wadda ke tashinka da asuba da 'yar addu'arta marar ado, kada ka ce amin a ciki-ciki. Yanzu na yi ritaya. A majami'a in an ce in rufe taro, kafin mata su gama gyara goyo na ce amin, har yara sun fara sona. Kullum da asuba ina shimfiɗa tabarmar nan a ƙofar ɗaki, in bi magudana daga sama har ƙasa. Wasu masu gonakin sun rasu, 'ya'yansu nake ambata. Alhaji ma ya riga mu gidan gaskiya, ɗansa ne a gonar, ya kuma gaji buhun yashin. Ina roƙa masa alheri duk da haka. In na iso wutsiya nakan ɗan dakata, kamar mai jiran a tuna masa wanda ke biye. Ba mai tuna mini. Ranar da gari ya yi sanyi kuwa, kafin in zauna sai na miƙa hannu bayan ƙofa na ɗauko rigar nan na sa.